Na Je Ɗauko Inna a Rijiya Biyu

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: "Malama Hajara, ƙaƙa kika baro Faransa? Ina Innar da kika ce za ki ɗauko?" Faransa dai Nijar suke nufi, haka ake kiranta a wajenmu. Na gaji da yanko labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da abin da ya samu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni 'yar Gidan Ƙirya ce, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Sabon Birni, can wajen Tsamaye. Aure da aikin koyarwa suka kawo ni Isa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Innarmu ita ce ungozomar ƙauyen, da wuya ka sami wanda bai kai shekara arba'in ba a garin wanda ba ita ta yanke masa cibiya ba. Shekara biyu ke nan da mutanen daji suka matsa wa ƙauyen har ya watse. Wasu suka yi Sabon Birni, wasu Isa, wasu Sakkwato, amma mafi yawa suka tsallaka iyaka suka sauka a wani gari na Nijar da ake kira Rijiya Biyu. Inna na cikinsu.

Mun sha aika mata ta dawo wurinmu, amsarta ɗaya, sai an kwana biyu. Ana nan sai labari ya zo cewa ƙafafunta suna kumbura. Yayana Sani, wanda ke zaune Sakkwato, ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce, "Ke ce mace, ke take saurare. Ki tafi, kuma kar ki dawo sai da ita." Maigidana ya amince, hutun makaranta ya zo, ana tsakiyar bazara, na ɗaura niyya.

Ban san hanya ba, don haka aka haɗa ni da Gwoggo Tumba. Ba gwoggona ba ce ta jini, duk tashar Isa haka ake kiranta. Tsohuwar 'yar kasuwa ce, gajera, mai zanen Gobirawa tun daga gefen baki har kunne. Tana kai daddawa da barkono Nijar, ta dawo da dabino da kanwa. Da ta gan ni da jakar hannu da tabarau, sai ta kama haɓa.

"Ke, ɗiyata, biki za ki? Mai da jikkar nan gida. Ki biɗo tsohon hijabi, ki sa silifa. Malantarki ki bar ta Isa, tana nan tana jiranki."

Haka na yi. Ban ji daɗi ba a lokacin, amma daga baya na gode mata.

Motocin Sabon Birni ba sa tashi ɗaya-ɗaya yanzu, sai sun taru su bi juna. Mu huɗu muka tashi da hantsi. A tamu an cusa mu har ba mai iya motsa gwiwa, buhun daddawar Gwoggo kuwa a kan cinyata ya yi tafiyar, har yau in na buɗe akwatina ina jin ƙamshinsa. Da farko ana ta hira, ana gardamar ko damina za ta sauka da wuri. Da muka kai wani wuri inda gonaki suka zama saura, ba kowa sai kangayen gidaje, direba ya kashe rediyo. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma kowa ya yi. Wani dattijo a gaba ya fito da carbi.

A daidai nan tayarmu ta baya ta fashe.

Wallahi na ɗauka harbi ne. Na runtse ido ina salati. Da na buɗe sai na ga motocin nan uku duk sun tsaya, biyu na gaba har da dawowa da baya. Ashe ƙa'idarsu ke nan, ba a barin mota ita kaɗai a wannan wuri ko ta wane ne. Jak ɗin direbanmu ya ƙi ci a cikin rairayi, sai maza suka fito daga motocin huɗu, suka ɗaga motar da hannu. Direba ya kwance notuna ya zuba mini a hijabi ya ce in riƙe. Ɗaya ya suɓuce mini ya nutse a rairayi. Ku zo ku ga manyan mutane riƙe da mota suna nishi, mata tsugune muna tonon ƙasa kamar masu kalar gyaɗa. Gwoggo Tumba ta gano shi ƙarƙashin silifana. Ta miƙa wa direba, ta dube ni ta ce, "Wagga ita ka koya ma ɗiyanmu lissafi, huɗu sun gagare ta riƙo." Duk tsoron da ake ciki sai da aka yi dariya. Da muka shiga Sabon Birni, dattijon nan mai carbi ya fasa goro ya bi kowa da shi, muka rabu ana ta addu'a kamar 'yan ɗaki ɗaya.

A gidan ƙanwar Gwoggo muka sauka. Gida ne mai ɗaki shida, a da ita da 'ya'yanta kaɗai ke ciki, yanzu iyali biyar ne daga ƙauyuka daban-daban. Tukunya ɗaya suke ɗorawa, girki na zagayawa. A ranar, matan Unguwar Lalle ke da girki, suka yi tuwon gero da miyar busasshiyar kuɓewa, sauran matan na zaune suna gyara masu, wannan ta ce daddawa ta yi yawa, waccan ta ce su a garinsu ba a sa kanwa haka. Amma ba wadda ta bar loma. Na tambayi matar gidan yadda take iyawa da wannan taro. Ta ce, "Ranar da sunka zo, ƙofa ɗai na buɗe. Sauran su sunka yi abinsu."

Washegari bayan mun sha kunu muka hau babura biyu, don daga nan mota ba ta da amfani. Gulbi ya janye, sai rairayi mai zurfi da ɗan ruwa a tsakiya. Mai babur ɗina ya ce in riƙe da kyau. Ban gama gyara zama ba muka kwanta gefe ɗaya, ni da shi da ƙullin tsarabata. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai silifana ɗaya ya bi ruwa, na ƙarasa tafiyar da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa.

Can gaba muka zo mararrabar da na sani tun ina goye. Hanyar Gidan Ƙirya ce ta yi dama. Ciyawa ta cinye ta, sai ɗan layi kamar hanyar awaki. Daga nesa na hango kan bishiyar da aka sa wa garin sunanta. Na taɓa kafaɗar mai babur na ce ya ɗan tsaya ko minti ɗaya. Bai rage gudu ba. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ba a tsayawa nan." Na bi ta da ido har ta ɓace. Ban yi kuka ba sai da muka yi nisa.

Ni da na ɗauka iyaka wani babban abu ne mai ƙofar ƙarfe, sai na tarar da igiya an ɗaura ta jikin ganguna biyu, da rumfa, da jandarmomi a ƙarƙashinta. Wani dogo baƙi ya karɓi katina, ya juya shi, ya yi mini tambaya da Faransanci. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya sake yi da wata Hausa mai karyayyen harshe, ina za ni, wurin wa, kwana nawa. Na fara in-ina. Sai ga babur ɗin Gwoggo ya iso. Yana ganin zanen fuskarta ya saki katina a kan tebur.

"Kai! Bagobira! Wa ya ba baiwata izinin yawo?"

Gwoggo kuwa ko a jikinta. Ta sauko tana gyara zane ta ce, "Ji min Bazabarme. Uwargijiyarka ta iso, ba ka tashi ka karɓi kaya, kana zaune awa sarki? Ina ruwan da ka aje mani?"

Ashe wasa ne tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Na taɓa ji a bakin tsofaffi, ban taɓa gani ba. Mutumin nan da kakinsa da bindigarsa ya tashi ya ɗebo mana ruwan randa da kansa. Ya dubi fuskata ya ce wannan ba Bagobira ba ce, fuska sumul kamar faranti, a ina aka samo ta? Ya dubi ƙafata ya ce kuma talaucin Gobirawa har ya kai su raba takalmi ɗaya su biyu. Da ya ji Rijiya Biyu za ni wurin mahaifiyata, sai ya daina wasa. Ya miƙo mini katin da hannu biyu ya ce, "Mutanenku suna can lafiya. Ki gai da tsohuwa."

Rana ta take muka isa. Gwoggo ta sauke ni a gabashin gari ta ce ga unguwar mutanenmu nan, ita za ta wuce kasuwar gaba, sai bayan kwana biyar ta biyo ta ɗauke ni. Na tsaya ni kaɗai ina kallon bukkoki na zana da tamfol, duk iri ɗaya, ba kowa a waje saboda zafi. Na rasa wanda za ni tambaya.

Sai na ga wata rumfa da aka kewaye da duwatsu, da butoci a bakinta. Masallaci ke nan. Dama da shi ga wani gida da alluna jingine. Na ce a raina, a Gidan Ƙirya ma gidan Liman na dama da masallaci. Na ɗan matsa, sai ga gidan da aka baza fatu a rana, kamar yadda gidan dukawa ke bin na Liman a garinmu. Na ce in dai haka ne, in na bi wannan lungu na karya hagu, za ni ji ƙarar maƙera. Na karya, na ji ta. Mutanen nan ashe da aka ba su fili, ba su zauna barkatai ba. Kowa ya kafa bukkarsa inda gidansa yake a can, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa, lungu inda lungu yake. Har Fulaninmu na bakin gari suna bakin wannan ma, ta arewa. Ban tambayi kowa ba. Na bi ƙafata kamar na dawo daga makarantar allo, na wuce gida uku bayan maƙera, na ɗaga labulen buhu na yi sallama.

Tana zaune a inuwar zana tana tsinke zogale. Ta rame, ƙafafunta kuwa sun yi suntum. Ta ɗaga kai ta daɗe tana dubana.

"Wa ni ka gani awa Hajara? Ke, mi ya fito da ke cikin wagga rana? Ina takalminki guda?"

Ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne. Ta kama wuyan hannuna ta zaunar da ni, ba ta saki ba har na gama shan furar da ta dama mini da hannu ɗaya.

Ban gama ajiye ludayi ba na ji murya daga bayan zana. "Ungozoma! Kazarki ta sake shigo mani! In na kama ta yau, miya za ta kwana!"

Na dubi Inna na ce, "Kar dai Gwoggo Delu ce?"

"Wa ne in ba ita ba? Duk faɗin filin ga, ta rasa inda za ta kafa dirkarta sai jikin tawa."

Gwoggo Delu maƙwabciyarmu ce tun kafin a haife ni, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta fito ta faɗi ba su yi cacar baki da Inna ba. A kan kaji, a kan hayaƙi, a kan tsintsiyar da aka ara tun zamanin da. Ta shigo tana dafa zana, ta ji muryata, ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce na yi ƙiba, da gani ban gado rowar uwata ba.

Kwana biyar na yi, kuma na ga abubuwa. Can makaranta lakwal ce, malami kuma mushe, ni da suka ji aikina sai suka koma kirana Madam. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri, sai an tsoma a shayi. Shayin kuma ba a kofi ɗaya a tashi, sau uku ake zubawa a 'yan ƙananan kofuna, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na sha na farko na yi godiya na miƙe, aka ce ai na yi rashin ladabi, sai na koma na zauna. Fura kuwa ba ta da lokaci, da safe ita, da rana ita. Rijiyoyinsu zurfi gare su har sai an ɗaura wa bijimin sa igiyar guga ya ja, mata kuma su ke kora amalanken jaki da kansu, abin da a wurinmu za a tsaya kallo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen garin suka karɓe su. An ce ranar da suka iso, maigarin ya tara jama'arsa ya ce kowane gida ya ɗauki gida. Haka suka zauna wata uku a ɗakunan mutane kafin a yanka masu fili. Ya bar masu rijiya ɗaya daga safe zuwa hantsi. Ya kuma hana a kira su 'yan gudun hijira, ya ce sunansu mutanen gabas, tun da gabas da gari suke. Yanzu har an fara auratayya, kuma matan garin in haihuwa ta zo da gardama, Inna suke aiko wa.

Kwana biyu ina zagaye maganar da ta kawo ni. Duk lokacin da na ɗauko ta sai Inna ta tuna akwai abin da ta bari a wuta. A rana ta uku da safe Gwoggo Delu ta ce in raka ta injin niƙa. Ta riƙe damtsena tamau tun daga ƙofa, na ɗauka tsufa ne. Da muka yi nisa da gida ta rage murya.

"Na san abin da ya kawo ki. Ki tahi da ita, ɗiyata. Ƙahwahun nan ba na lahiya ba ne. In ta tashi da asuba sai ta daɗe dafe da dirka kafin ta iya takawa, ina jin nishinta ta zana. Ki kai ta inda likita. Amma kar ki ce ni na hwaɗa maki, sai ta ce gidanta ni ka so in gada."

Na ce to, Gwoggo. Na ji ƙarfin gwiwa, na ce yau za a yi ta ta ƙare.

Da la'asar na zaunar da Inna na faɗa mata saƙon Yaya Sani ba tare da kwana-kwana ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta leƙa ta tabbata Delu ta tafi gidan Liman, ta ce, "Da kunka tahi niƙa, ƙaƙa ta riƙe ki?"

Na ce, "A damtse."

"Ba ki lura da komi ba?"

Na ce, "A'a."

"Delu ba ta gani, Hajara. Tun bara abin ya soma, yanzu sai inuwa-inuwa. Ba wanda ya sani sai ni, ita ma ba ta san na sani ba. Kin san ta da girman kai, ta gwammace ta hwaɗa rijiya da a ce ana yi mata jagora. Kin ga hwaɗan da mu kai kullum a hanyar rijiya, ni gaba ita baya? Muryata ta ka bi. In na yi shiru ta ɓace. Shi ya sa ba ni yin shiru."

Na tuna yadda na gan su da safe, Inna na tafe tana ɗingishi tana masifa a kan wata tsintsiya, Delu na biye tana rama wa, ni kuwa har ina jin kunyar mutanen gari.

Inna ta ci gaba. Ta ce ɗan Delu guda ɗaya an kashe shi a gona tun kafin a watse, ya bar mata jikoki uku. Ila ƙanen Delu kuma, wanda shi kaɗai ya rage mata cikin 'yan'uwa, sun rabu ranar gudu, har yau ba a san inda ya faɗa ba.

Na ce, "To Inna, in haka ne mu tafi da ku duka biyu, har da jikokin. Gidana zai ɗauke ku."

Ta yi murmushi. "To Dije fa, matar Jaɓɓi na rugarmu? Watanta takwas, cikin fari, uwarta ta rasu. Kin san yadda a ka kallon Fulani yanzu, ba ko'ina ta ka iya shiga a karɓe ta da fuska ba. Ta ce ba mai taɓa ta sai ni. In kin ɗauki Dije, sai ki ɗauki Jaɓɓi. In kin ɗauki Jaɓɓi, wa za ya kai awakin unguwa kiwo? Zana ce, ɗiyata. In kin zare kara guda ba ta hwaɗuwa ranar, amma ta soma. Sai in za ki zo da motar da ka ɗaukar gari."

Ban sake roƙonta ba. Amma na ce akwai abu ɗaya da ba za ni bari ba, sai ta ga likita. Ta ce ita lafiyarta lau, sai dai in don a duba idon Delu ne, za ta yi kamar ita ce marar lafiya. Na zagaya wurin Gwoggo Delu na ce Inna ta yarda za ta asibiti amma tana son rakiya. Ta ce don dai ni ce, in ba haka ba ba ta bin wannan mata ko nan da ƙofa. Washegari muka hau amalanken jaki zuwa babban garin da ke kusa, kowace tana ganin ita ce ta rako 'yar'uwarta, suna faɗa a kan wadda ta fi cin wuri. Ma'aikaciyar asibitin ta auna Inna ta ce hawan jini ne, ta ba ta magani, ta ce ta rage gishiri da kanwa, ta riƙa zuwa duk wata. Sai na ce, tun da mun zo, a duba kowa mana, har ni. Aka duba ni, aka duba Delu. Aka ce yana ce ta rufe mata ido, kuma ana cire ta, likitocin ido na zuwa bayan damina. Delu ta ce ita dama ta ɗan lura kwanan nan hasken rana ya rage. Inna ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Saura Yaya Sani. Akwai wani tudun rairayi a kudancin gari inda layin wayar Najeriya ke kamawa, can kowa ke zuwa kira. Muka hau da Inna a hankali da yamma. Na kira shi na faɗa masa. Ya hau faɗa, ya ce ya aike ni aiki ɗaya na kasa, ya ce mutane za su ce mun yar da uwarmu a bukkar tamfol a ƙasar wasu. Inna na jin komai. Sai ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

Ku sani Yaya Sani ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, sai dai ta bi ta kan wani. Ta riƙe wayar nesa da kunnenta, ta dubi gefe kamar da wani take.

"A hwaɗa ma na Sakkwato ban ƙi shi ba. A hwaɗa mashi in ya kai ni birni, tsohuwa ɗai ya kai, a aje ta ɗaki a riƙa ba ta tuwo. Nan ko ana sallama da ni. A ce mashi ina shan magani. In shina son ganina, hanyar da ƙanwatai ta biyo ba ta rufe ba."

Ta miƙo mini wayar. Can na ji ya share murya. Ya ce, "Hajara, ki ce mata na ji. Ki ce mata za ni zo da Sallah."

Ranar da Gwoggo Tumba ta biyo ta ɗauke ni, unguwa duka ta fito rakiya. Dukawa sun ɗinka mini takalmin fata. Kowa da saƙonsa: a gaya wa wance ta Sabon Birni an yi mata jika, a gaya wa wane na Isa gonarsa ta fadama an ce ba a taɓa ta ba. Sai da na fito da takarda na rubuta, saƙo ya cika shafi biyu. Inna ta raka ni har bakin rijiya, ta kama wuyan hannuna ta saki, ta juya. Gwoggo Delu ce ta ƙarshe. Ta jawo ni ta ce, "In Allah Ya sa kin ji labarin Ila, ko mutuwa ce, ki aiko mani. Rashin sani ya fi ciwo."

Dawowa ba mu sami matsala ba. Amma takardar nan ta ba ni aiki, ta kuma ba ni kunya. Sati biyu ina bin lungunan Isa ina isar da saƙo, sai ga shi mutanen garinmu sun fi gida goma a nan, wasu a kangaye, wasu a shagunan da ba a gama ba, wasu ina wuce su kullum a hanyar makaranta ban taɓa tsayawa ba. Duk wanda na samu sai ya nuna mini wani. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko matan suna taruwa a tsakar gidana, mu dama fura, a ji wa ya samu, wa ya rasa.

A wurin taron nan ne wata ta ce ta ga mai kama da Ila a Kamarawa, yana yi wa wani mai lambu ban ruwa. Maigidana ya kai ni a babur. Muka same shi a bakin rijiyar lambu, ya tsufa fiye da shekarunsa. Na gaishe shi na ce ni ɗiyar ungozoma ce, daga wurin Delu nake. Ya saki guga, gugan ya faɗa rijiya. Ya zauna a ƙasa. Ashe shi an gaya masa ta rasu a hanya, har ya yi mata sadakar arba'in.

Kasuwar da ta zagayo na kai shi tasha na damƙa shi hannun Gwoggo Tumba. Ita ta kawo mini ƙarshen labarin da ta dawo. Ta ce da suka isa ya tsaya a ƙofar bukka ya kasa sallama. Inna ce ta gan shi, ta ƙwala wa Delu kira ta ce ta fito ta yi baƙo. Delu ta fito tana mita. Ya ce, "Yaya." Ta tsaya cik. Ta miƙa hannu ta lalubi fuskarsa, ta zarce zuwa kunnensa na hagu, inda jaki ya taɓa cizonsa yana yaro ya bar masa gibi. Ta daɗe riƙe da kunnen.

Sannan ta ce, "Kai ne, Ila. Ka ci abinci?"